Aron Dokin Injin Rakenmu

Har gobe idan aka zauna hira a ƙasarmu, tsakanin Kudan da Makarfi, aka kawo zancen dawaki, sai wani tsoho ya gyara zama ya ce ai mu ma mun taɓa fitar da zakaran sukuwa. Ni ba na musu. Mun fitar. Ɗan gwaggona ne, taubashina, tare muka yi wasan ƙasa. Amma duk mai son jin yabonsa ya nemi wani bakin, nawa ba zai yi ba.

Tun muna yara shi ɗan firit ne, iska mai ƙarfi sai ta yi gaba da shi. Ba shi da jikin noma, kuma ba shi da zuciyarsa. In aka tafi gona ciwon ciki ya tashi, in aka sauke tuwo ya warke. Da mahaifinsa ya rasu, wani dillalin dawaki ya tafi da shi Zariya, ya zama yaron barga a gidan wani Bature. A can aka gane cewa ƙanƙantar da muke yi wa dariya ita ce arzikinsa, domin doki ba ya jin nauyinsa. Turawa suka koya masa hawansu na gajerar likkafa, mutum ya tsuguna a wuyan doki ya ɗaga gindi sama. Mu da muka saba ganin dattijo ya zauna daram a kan sirdi, ranar da muka fara ganin wannan hawan sai da muka riƙe ciki don dariya.

Da Turawa suka ba da mulki, alhazan birni da manyan gwamnati suka gaji sukuwa kamar yadda suka gaji gidajen. Shi kuma suka gaje shi tare da dawakan. Ya ci a Zariya, ya ci a Kano, ya ci a Kaduna, har aka riƙa faɗin sunansa a rediyo. Ban taɓa cewa bai iya ba. Ya iya, Allah ya ba shi hannu. Abin da na raina shi ne mutumin da ke cikin rigar.

Yakan zo gida da rigar siliki mai launi biyu da kofin azurfa, bulala a hammata, har ƙofar masallaci da ita yake zuwa. Gwaggo ta wuni tana tuƙa masa tuwo da miyar kuka ta ji man shanu, ya gutsiri loma guda ya ture, wai kada ya yi nauyi. Samari su kewaye shi, yana ba su labari: na yi kaza, na kutsa ta kaza, na bar su suna cin ƙura. Na, na, na. Ka rantse da ƙafarsa ya yi gudun. Wata rana na tambaye shi, cikin wasan taubasai, ina dokin da ya ci kofin Kano da shi. Ya ce, "Wanne? Au, wancan? Ai ya karye, an harbe shi." Yana sakace yana faɗa, ya ci gaba da labarinsa. Kura da shan bugu, gardi da amsar kuɗi.

Mu sana'ar gidanmu mazarƙwaila ce. Mahaifina yana da fadamar rake a bakin rafi wajen Likoro, da injin matsa na ƙarfe. Injin yana da dogon itace a kansa, a ɗaura doki a ƙarshen itacen, ya yi ta zagayawa, mutum ɗaya yana cusa rake, ruwan yana zuba a garwa, daga nan sai babban kasko a kan wuta. Dokinmu guda ne, wani bidi da Baba ya saya tun yana ɗan duƙushi. Shekara da shekaru yana zagayen nan ta hagu, har wuyansa ya saba da karkata. Ba kyakkyawa ba ne, amma yana da ƙashi, kuma ba a taɓa ɗaga masa bulala ba. Baba da hannunsa yake jiƙa masa kanwa, kuma rana in ta take sai ya kwance shi ya kai shi inuwa ko da kaskon yana jira.

A shekarar da nake ba da labari, ba a daɗe da samun mulkin kai ba, rake ya yi kyau irin wanda ban taɓa gani ba. Baba ya kira gayya aka sare babbar gonar gaba ɗaya, aka tara a gindin injin, tsibi ya fi ni tsawo. Wanda bai san rake ba zai ce ai an gama wahala. Sararren rake ba ya jira. In ya daɗe a ƙasa sai ya yi tsami, in ya yi tsami ko ka kwana kana dafa ruwan ba zai kama ba, sai dai baƙin ruwa mai yauƙi da ba mai saye. Tsibin nan shi ne suturarmu da gishirinmu da duk wata hidimar shekara. Mun fara matsa ke nan, ko kwata ba mu ci ba, sai ga zakara ya sauka a gari.

Ashe a kasuwar Makarfi wani saurayi daga wajen Ikara, mai wani jan doki da yake ji da shi, ya faɗa a gaban jama'a cewa ko akuya aka ɗora wa dokin Alhajin da taubashina yake hawa sai ta zo ta ɗaya. Maganar ta kai kunnen taubashina, ta soke shi inda yake ciwo. Ya rantse zai kayar da mai jan dokin a kan doki mafi wulaƙanci a ƙasar nan. Aka ce wanne? Ya ce dokin injin kawunsa.

Da hantsi muna cikin aiki muka ji kalangu. Ya zo har bakin rafi da makaɗi da zugar samari, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa gaban Baba kamar mutumin kirki.

"Kawu, ina kwana? An tashi lafiya? Ya aiki? Ya sanyi?"

Baba ya amsa masa ɗaya bayan ɗaya, ya tambaye shi hanya, ya tambaye shi mutanen Kaduna, ya sa masa albarka. Sai taubashina ya ce, "Kawu, alfarma na zo nema. Bidin nan nake so ka ara mini gobe. Hawa ɗaya tak, kafin la'asar yana kan turkensa."

Baba ya dubi tsibin rake, ya dube shi. Ya ce, "Ɗan nan, ka ga an sare. Ka bari mu gama matsa, in ya huta ka hau."

"Kawu, na riga na yi magana a gaban mutane. In ka hana ni, da wane ido zan shiga Makarfi? Ni da ba ni da uba sai kai."

Nan ya kama shi. Ya san inda zai taɓa, shi ya sa ya zo da 'yan kallo. Kawu ba ya hana ɗan ƙanwarsa abu a bainar jama'a, balle maraya. Na ce, "Kai, ɗan tsurut, dokin ka ɗauka keke ne? Ka je ka ari na alhazanka mana." Aka yi dariya, domin taubashi ne, ana ganin wasa nake. Baba ya ce, "Kai, rufe mini baki." Sannan ya ce wa ɗan ƙanwarsa, "Ka ɗauka. Amma ka bi shi a hankali, bai san gudu ba."

Ya ce, "Haba Kawu, ni za a koya wa doki?"

Washegari na bi su, Baba ya ƙi zuwa. An share wani dogon fili a bayan kasuwa, gonakin dawa da aka girbe, ƙasar ta bushe ƙamas, ga kututturan kara ko'ina. Mutanen Ikara a gefe guda, namu a gefe guda. Ya ɗora wa bidi wani ɗan sirdi da bai fi faifai ba, ya sa masa linzamin birni. Dokin da bai san komai ba sai ragama ya yi ta tauna ƙarfen yana waige-waige, ina jin ni yake nema.

Da aka sake su, jan dokin ya yi gaba. Bidi ya yi abin da ya sani, ya karkata hagu zai zagaya. Jama'a suka fashe da dariya, har mutanenmu. Na ga fuskar taubashina ta canza. Ya maido da bulala hannun hagu ya fara zabga masa a fuska, daidai ido, duk karkatawa ɗaya bulala ɗaya. Dokin da ba a taɓa duka ba ya haukace don tsoro. Ya miƙe, ya yi wani irin gudu da ban san yana da shi ba. Shi kuwa ya lafe a wuyansa kamar ƙaska, ya san lokacin da zai sassauta da lokacin da zai matsa, ya bi ta inda ƙasa ta fi laushi, ya tsare wa ɗan Ikara hanya ba tare da ya taɓa shi ba. Na tsane shi a lokacin, amma idona ya ga gwaninta. Ya wuce jan dokin ana saura ƙiris, ya ci.

Filin ya kaure da ihu. Suka sauke shi, suka ɗaga shi sama, ba wuya tunda ba nauyi. Makaɗi ya saki kalangu, aka nufi cikin kasuwa da shi. Ba wanda ya waiwayi dokin. Na same shi tsaye shi kaɗai, ƙafafunsa a wawware suna rawa, kumfa da jini a hanci, idon hagu ya fashe yana tsiyaya. Ƙafar gaba ba ya iya taka ta. Na cire masa linzamin na yi jifa da shi cikin kara. Tafiyar da muke yi kafin a gama cin goro guda, ranar sai da rana ta yi ja muka iso gida, yana ɗingishi ina tsayawa.

Baba ya fito ya zagaya shi, ya shafa ƙafar, ya duba idon. Ya shiga ya dafa ruwa da ganye ya fara gasa masa.

Zakara bai zo ba. Ya aiko wani yaro ya ce a gaya wa Kawu an gode, kuma da ya koma Kaduna zai turo masa doki na gaske wanda ya fi wannan sau goma. Da safe ya hau mota, makaɗi ya raka shi har tasha. Dokin na gaske kuwa, har taubashina ya gama zamaninsa na sukuwa, har ƙiba ta kama shi alhazan suka sallame shi, har ya koma zaman bakin filin yana ba yara labarin kofuna, ba mu ga ko jelarsa ba. Bidi kuwa ya kwanta, bai sake tashi ba.

Na zaga duk masu injin da na sani, daga Kudan har Kurmin Kogi. Lokacin matsa ne, kowa dokinsa yana kan aiki, kowa da nasa tsibin. Suka yi mana jaje, suka ce in sun gama. Muka gwada jakin maƙwabci, ya ja taku kaɗan ya toge. Raken ya fara wari, irin warin da duk ɗan mazarƙwaila ya sani, ƙudaje suka fara taruwa.

Sai na ɗaura igiyar a ƙirjina na shiga zagayen, Baba yana cusa rake. Ban san nauyin da dokin nan yake ja ba sai ranar. Sanda biyu kawai ake iya sawa, ruwan yana ɗiga kamar na rowa. Na yi ta yi har idona ya rufe, na faɗi a kan tuƙar rake. Da na farfaɗo na ga Baba ya tuɓe rigarsa, ya ɗaura igiyar. Mutumin da gemunsa ya yi fari, wanda in zai wuce ake tashi a gaishe shi. Na ce, "Baba, don Allah ka bari." Ya ce, "Tashi ka cusa rake."

Muna haka sai ga Gwaggo ta gangaro, ta ci ado, fuskarta fal murna. Ba wanda ya gaya mata abin da ya sami dokin, labarin nasara kawai aka kai mata. Tana riƙe da ƙullin goro a ganye, wanda ɗanta ya bari a kawo wa Kawu tukuici. Tun daga nesa take cewa, "Yaya, ka ji abin da ɗanka ya yi wa mutanen Ikara?"

Sai ta zo kusa. Ta tsaya. Ta dubi turken da ba doki, ta dubi tsibin rake da ƙudaje, ta dubi yayanta da igiyar doki a ƙirji yana zagayowa ta gabanta yana haki. Baba ya ce, "Na ji. Allah ya yi masa albarka. Matsa kada itacen ya buge ki."

Ba ta matsa ba. Ta ajiye goron a ƙasa, ta cire mayafi ta ɗaure ƙugu da shi, ta jira itacen ya zagayo, ta dafa shi a bayan yayanta ta fara turawa. Baba ya ce ta bari, ta ƙi. Tana turawa tana kuka, ba ta ko share hawayen. Ni kuma ina durƙushe ina cusa rake a tsakaninsu, tsofaffi biyu suna zagaye ni.

Ruwan da suka matso da yammacin nan na dafa shi da kaina, na zuba a kwanoni, muka zauna mu uku muna jira. Bai kama ba.