Abu Tamir, Mutumin da Ya Sauke Ƙusoshi

Shekara talatin da ɗaya, ƙarfe bakwai na safe ba ta taɓa samun Abu Tamir a gida ba. Yakan sauko daga unguwar Ashrafiyya a motar haya, ya sayi burodin riɗi da dafaffen ƙwai a tsakiyar Amman, sannan ya hau matakalar unguwar Luwaibda da ƙafa. Da can sau ɗaya yake hutawa a hanya, daga baya ya koma sau huɗu. Kafin mutanen ofis su iso gidan nuna zane-zanen zamani da yake wa aiki, ya riga ya zaga ɗakuna shida, ya gyara abin da ya karkace, ya shafa bango ya ji ko danshi ya shiga. Aikinsa ke nan, rataye zane. Baƙi kan tsaya su yaba wa mai zanen, ba wanda ke tambayar wa ya buga ƙusar.

Watan jiya ya ajiye aiki, kuma bai kamata ya tafi shiru haka ba.

Yana da ƙa'ida guda da ba ya wasa da ita: tsakiyar kowane zane ya tsaya daidai idon mutumin da ke tsaye. Da wannan awon ya koyi aiki, da shi ya yi furfura. Saboda haka da aka ware yammacin Alhamis ga 'yan sakandare, aka ce su za su riƙa zaɓar zanen da za a nuna, su rubuta bayaninsa, su gayyato makaɗa, su zagaya da baƙi, Abu Tamir ya fi kowa mita. Ya ce za su cika bango da shatin yatsu. Suka kuwa cika. Amma shi ne kullum ke jira ya buɗe musu ƙofar gefe, shi ke dafa musu shayi a ɗakin kayan aikinsa, har suka daina ce masa Abu Tamir, suka koma Ammu, kamar ƙanin ubansu.

A shekara ta uku da fara shirin aka ba su babban ɗaki su shirya bajekolinsu na kansu. Shugabar kwamitinsu Lujain ce, 'yar shekara goma sha shida, mai baki kamar reza. A cikinsu akwai Yazan, wanda ke kan keken guragu tun yana ƙarami, sarkin zolaya. Ranar da Abu Tamir ya gama rataye zane arba'in, ya sauko daga tsani yana jiran yabo, sai Yazan ya turo kekensa.

"Ammu, aiki ya yi kyau. Sai dai matar can ta jikin zanen, shekara biyu muna gaisawa, haɓarta kawai na sani. Tana da idanu kuwa?"

Aka yi dariya, ban da Lujain. Nan take ta tara kwamiti, suka ɗaga hannu: a sauke kowane zane zuwa daidai idon Yazan, a jera kujeru 'yan tsuguno, duk mai son kallo ya zauna.

"Ku dai ba ku da aikin yi," in ji Abu Tamir. "Tun ba a haifi iyayenku ba haka ake rataye zane a duk duniya."

"To duniya a tsaye take, Ammu," in ji Lujain. "Yazan a zaune yake."

Abu Tamir ya jawo bokitin fenti ya kifa kusa da keken, ya zauna, ya ɗaga kai. Hasken fitila ya bugi gilashin zanen, fuskar matar ta ɓace, sai farin ƙyalli. Ya daɗe a zaune. Waɗanda ke wurin sun ce da ya miƙe bai dubi kowa ba, sai ya ce wa Yazan, "Miƙe wuyanka, ɗana, in auna."

Kwana biyu ya yi yana zare ƙusoshi, yana cike ramuka, yana shafe su da fenti.

Shugabar gidan, Dakta Maisun, ta shigo ana saura kwana ɗaya buɗewa. Mace ce mai son yaran, ita ce ma ta kawo shirin, amma an gayyato manyan baƙi, ga tsofaffin masu zane da ba sa ɗaukar raini.

"Abu Tamir, wane ne ya ce ka yi wannan? Ka mayar da su yau."

"Dakta, ke kika ce musu ɗakin nasu ne. In ba nasu ba ne, ki tara su ki faɗa musu da bakinki, ni kuma in mayar. Amma ba zan mayar a bayan idonsu ba."

"Ka san wannan maganar za ta iya raba ka da aikinka?"

"Na sani, ranki ya daɗe."

Ya sani ɗin. Yana da 'ya'ya uku a makaranta, kuma ba shi da wata sana'a sai wannan. Dakta Maisun ta juya ta fita. Da yamma takardar gargaɗi ta iso masa, amma ba ta sake cewa a mayar ba.

Washegari aka ga dattawa da kwat da mata da dogayen takalma sun durƙusa kan kujeru 'yan tsuguno, Yazan na gaba yana musu bayani. Wasu sun ɓata rai sun fita. Wata tsohuwar mai zane kuwa ta zauna gaban aikinta har aka fara kwashe kofuna, ta ce rabonta da ta dube shi ido da ido tun ranar da ta zana shi a zaune a ɗakinta. Jaridu sun yabi gidan, sun yabi yaran. Takardar gargaɗin ta zauna a fayil ɗin Abu Tamir, kuma da aka tashi naɗa shugaban sashensu, wani aka ba.

Kai ne ba ka taɓa kawo wannan zancen ba, Ammu. Kai ne wanda yaro ya gyara maka awo, ka karɓa a gaban jama'a. Mai guduma da taushin hannu.

Abin da ya fi cin ransa ba muƙamin ba ne. Yaran ne ba sa zama. Sai ya haddace sunayensu, ya san mai shan shayi ba sukari, ya san wadda ke kuka in an soki zanenta, sai su gama makaranta su watse, wasu su zo. Lujain tana Kanada tana karatun gine-gine. Yazan yana Jamus. Bara ya aiko masa da saƙon murya: "Ammu, na shiga wani ƙaton gidan zane a nan, na fito wuyana na ciwo. Ba ka da ɗan'uwa a garin nan?" Matarsa, Ummu Tamir, ta ce ya saurari saƙon nan ya fi sau ashirin, yana dariya, daga ƙarshe ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa.

Ranar bankwana ba taro aka yi ba. Yaran bana su goma sha ɗaya suka sayo faranti guda na kunafa, wani kayan zaƙin ƙasar mai cuku, suka jingina wayoyi a jikin gwangwanayen fenti, fuskokin tsofaffin yaransa suka cika su daga garuruwa bakwai, kowa na ihun "Ammu!" lokaci guda. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana kiran suna, bai yi kuskuren ko ɗaya ba. Da aka ce ya yi jawabi, sai ya ce, "Kun rame. Ba sa ba ku abinci a can?"

Mun gode, Abu Tamir. Allah ya saka maka da alheri, ya ba ka lafiyar gwiwoyin da matakala ta cinye. Ku kuma da ke aiki inda matasa ke shigowa, a makaranta ko ɗakin karatu ko gidan zane, in kun ce musu wuri nasu ne, ku bar musu shi har ranar da abin zai taɓa ku.

Da na kai masa ziyara gida, na tambaye shi ko yana da saƙo ga yaransa da ke nesa. Ya ce ba shi da wani saƙo. Sai da na kai bakin ƙofa ya kira ni, ya nuna mini bishiyar lemon da ke tsakar gidansa, rassanta sun sunkuya.

"Ka ce musu ta yi 'ya'ya da yawa bana. Mu biyu ba za mu iya shanyewa ba."