Tayin da Ba a Yi Sau Biyu

Har yau ina tuna Juma'ar da muka nemi famfon man tarakta. Ina ajin ƙarshe a makaranta a Kazaure, ina kuma yi wa Alhaji Ubale aikin sayo kayan gyara ta intanet. Taraktarsa ta tsaya, damina ta matso, manoman Roni da Gwiwa sun riga sun kama layin huɗa. Famfo ɗaya na samu, a wani gwanjo na Ingila.

Ga wanda bai san aikin ba, gwanjon yana da lokacin rufewa. Wanda ya taya da wuri ya tona kansa, a yi ta ƙara masa. Don haka muke saita manhaja ta jefa tayinmu saura daƙiƙa shida, da iyakar abin da za mu iya biya. Sau ɗaya take jefawa, ko da waya a kashe take.

Rufewar ta faɗo daidai lokacin huɗuba. Da hantsi na sami Alhaji, na durƙusa.

"Ranka ya daɗe, nawa ne ƙarshenmu?"

"Fam ɗari uku."

Na ga yadda ya kau da kai ya gyara hula. Haka yake yi wa dillalai a kasuwar Babura in yana ciniki. Na so in sake tambaya, nauyinsa ya hana ni. Na duba agogon sau uku, na duba lambar famfon, na saita, na kashe waya.

A masallaci ban fahimci komai daga huɗubar ba. Ana sallamewa na kunna waya a wurin ajiye takalma. Wani ya ɗauka a ɗari uku da biyar.

Da na gaya wa Alhaji, ko a jikinsa.

"To, ƙara musu ashirin."

"An rufe, ranka ya daɗe."

"Wa ya rufe? Ka ce da mai kayan ina magana. Ni da zan kai ɗari huɗu."

"Ai ɗari uku kuka ce."

"Kai Nura, wa ya taɓa faɗin ƙarshensa tun a tambayar farko?"

Sati biyar taraktar ta yi a ajiye. Manoman suka koma wa masu shanun huɗa.

Ku da kuka shigo aikin yanzu, saita daƙiƙa ba wuya. Manhaja ba ta san ciniki ba, mutanenmu kuwa da shi suka tashi. Ni yanzu ba na miƙewa daga gaban mai kuɗi sai na ce, "In wani ya ɗara ku da fam biyar, za ku ji haushi?" In ya yi shiru, ban saita ba tukuna.