Tukunyar Uwata da Farar Wutar Sule Tankarkar

Mun tashi daga Gagarawa da asubar Alhamis, ni da jikata mai karatun kimiyya. Ita ke rubuta muku wannan, ni nawa baki ne. A kaina akwai tukunyar dalma ta uwata, Allah Ya jiƙanta. Tukunyar nan ta dafa tuwon sunan duk 'ya'yana, ga shi ta tsage, ga sunan tattaɓa-kunnena ya matso. Na ce ba za a ci tuwon tukunyar aro a gidana ba. A narka ta, a ƙara mata ƙarfe, a sake zuba ta.

A Gumel muka karya da kunun tsamiya da ƙosai. Ƙosan zamani kuwa, 'ya'yana, sai kun ƙanƙance ido kafin ku gan shi. Daga nan sai Maigatari, ranar kasuwa! Raƙuma, shanu, manyan motoci, mutanen Damagaram da rawunansu. Muka kutsa wajen 'yan gwangwan, na zauna na zaɓi tarkacen dalma da hannuna. A ciki na sami murfin wani inji, faffaɗa, amma ba nauyi, kamar faifai. Na ce yau na yi tsintuwa.

Muka juyo Sule Tankarkar, inda mai zubin tukwane yake. Ɗan acaɓa ya yi ta iyo da mu cikin yashi, ni ina rungume da tukunya, ina yi masa faɗa. Muka kwana gidan 'yar ƙanwata, da hantsi muka isa maƙera.

Maƙerin ya fasa tukunyar. Ya tattara zai zuba komai cikin kasko lokaci guda, na riƙe hannunsa.

"Dakata, ɗan nan. A gidanmu babba ba ya shiga sai yara sun share wuri. Tarkace su fara."

Jikata ta ce, "Kaka, har ƙarfe ma sai an yi masa fadanci?"

"Rufe min baki, uwata ce."

Na ƙulle gutsattsarin tukunyar uwata a bakin zanena. Aka yi ta zuga, tarkace suka narke, murfin nan yana yawo a sama. Can sai fau! Wuta fara fat, ta fi ranar tsaka haske, kowa ya kare ido. Tunda uwata ta haife ni ban ga irinta ba! Na rarumi buta, maƙerin ya daka min tsawa.

"Iya, kada ki zuba! Ruwa fetur ne a wajenta!"

Ya dinga sheƙa mata busasshen yashi har ta lafa. Abin da ke cikin kaskon duk ya lalace, ya zama toka da dunƙule. Na shafa bakin zanena, na ji uwata tana nan.

Jikata kuwa murna take. Ta ce sunan ƙarfen magniziyam, kama kawai yake yi da dalma. Zafi ya yi yawa ya kama da wuta. Wai masana sun danne shi da matsi irin na can ƙarƙashin ƙasa, ya sake tsarin cikinsa gaba ɗaya. Na ce to, ashe ɗan gidanmu ne, a taɓa shi a ga aiki.

Maƙerin ya kawo tasa dalmar a sabon kasko, ta narke lafiya lau, sannan na kwance zane na saka uwata da bismilla. Da aka fasa yashin zubi, sai ga tukunya tana sheƙi, ta fi ta da girma.

Mun shigo Gagarawa bayan la'asar, mata suka fito da guɗa. Abin da na ɗebo a tafiyar nan: ba kowane farin ƙarfe ne dalma ba, kuma tsarin manya ba wasa ba ne. Ranar suna, jikata ce ta fara miƙo kwano. Na ce ta koma baya, share wuri ne na yara, wajen tuwo kuwa babba tukuna.