Rabin Fam Ɗin Dada

Dada, uwar babanmu, ba ta cikin tsofaffin nan masu sanyin murya. Ko tatsuniya za ta yi, kamar faɗa take yi. Da an ci tuwo bayan magariba a gidanmu na bayan duwatsun Roni, sai ta ja tabarmarta kusa da wutar da ake hurawa a bakin garke don hayaƙi ya kori sauro, ta tura gyaɗa cikin toka, mu jikoki mu kewaye ta. Wanda ya yi gyangyaɗi ba shi da gyaɗa. Wanda ya katse ta ya sha ranƙwashi. Duk da haka babu mai yarda a bar shi a ɗaki, don in Dada ta yi kukan kura har 'yan maruƙa sai sun ɗaga kunne.

Akwai labari ɗaya da ba ta yi masa sallamar tatsuniya. In ta ce, "Yau ba ƙarya zan shirga muku ba," mun san labarin fam ne. Mun ji shi ya fi a ƙirga, kuma ba ta taɓa kai ƙarshensa jijiyar wuyanta ba ta tashi ba.

Takan fara da kuɗin kansu. Ta ce kakarta da kuɗin wuri ta yi ciniki, har Nasara ya zo ya ce ba kuɗi ba ne, ya koma adon ƙwarya. Ita kuwa ta tashi ta tarar da anini da kwabo masu huda a tsakiya, ana zura su a zare. Sama da su akwai sisi, sai sule, sule ashirin kuma su ne fam ɗaya, wanda shi takarda ne.

"Kafin mace ta riƙe fam nata na kanta," in ji ta, "sai tafin ƙafarta ya tsage tsakanin nan da Kazaure."

Ita fam sha huɗu ta tara. Kakanmu ya rasu ya bar ta da 'ya'ya huɗu, da nono da man shanu ta riƙe su, tana naɗe abin da ya ragu a tsumma tana turawa cikin gwangwani.

Sai aka yi shela cewa gwamnati ta kashe fam ta kawo naira, wanda bai kai nasa banki ba kafin wa'adi, takardarsa ta zama ganye. Dada ba ta taɓa taka banki ba, ba ta kuma san baƙi ko ɗaya na boko ba. Ana cikin haka sai ga Sale a kan keke. Ɗan yayarta ne. Uwarsa ta rasu yana goye, Dada ce ta shayar da shi tare da ɗanta na fari, yayan babanmu. Ya yi firamare, ya zama akawun wani mai sayen gyaɗa a Kazaure, har da agogo a hannu.

"Dada, ina raye ki shiga layi cikin maza?" in ji shi. "Kawo in canzo miki."

Ta ba shi. Matan rugar su shida da suka ga ta bayar, su ma suka bayar. Bayan kwana uku ya dawo da sababbin takardu masu ƙamshi, ya ajiye mata naira sha huɗu. Ya ce ai suna kawai aka sauya. Ta sa masa albarka, ta cika masa kwalba da man shanu, ta kama masa kaza.

A nan takan tsaya ta soki wutar da kara har tartsatsi ya tashi. "Kaza! Har da kaza na ba shi!"

Shekarar fari ce. Kakar da ta wuce ba a samu abin kirki ba, shanu sun rame, nono ya ɗauke. Babanmu take aikawa ya sayo hatsi, yaro ne a lokacin, kullum ya dawo da abin da bai kai tsammaninta ba. Ta ɗauka tsadar fari ce kawai. Da takardun suka kusa ƙarewa sai ta ce bari ta je da kanta. A kasuwar Kazaure mai hatsi ya yi mata kuɗi, ya ƙara da cewa, "Naira biyu, Inna, wato fam guda a tsohon lissafi."

"Fam biyu dai," in ji ta.

"A'a, Inna. Fam ɗaya naira biyu ne. Kowa ya sani."

Ta ce a nan ta gane rabin kuɗinta Sale ya kawo mata. Ba ta sayi ko tiya ba, ta miƙe sai rumfar gyaɗa. Ta tarar da Sale a kan benci cikin maza. Bai tashi ba.

"Sale, fam nawa na ba ka?"

"Haba Dada, a nan? Ki je gida, zan zo."

"A nan na gan ka, a nan za ka gaya mini."

Sai ya murtuke. Ya ce ta san wahalar da ya sha a layi? Ta san abin da ya ba masu tsaron ƙofa? Kuma ina takardar da ya sa wa hannu? Mazan wurin suka ce, baiwar Allah, ɗanki ne, ki rufa masa asiri. Ta je wurin mai gari, ya ce ta yi haƙuri. Ta ce za ta kai ƙara, 'yan uwanta maza suka taru suka ce ba a kai maganar gida gaban alƙali.

"Kowa haƙuri yake ba ni," takan ce, "kamar ana tuƙa tuwo da shi. A cikinsu babu wanda ya tsuguna gaban Sale ya ce masa ya ji tsoron Allah."

Bai mayar da ko kwabo ba. Kafin hatsi ya nuna ta sayar da saniyar da ta gada daga uwarta, a kuɗin tunkiya. Autarta Hauwa, wadda ba mu sani ba sai a wannan labari, ƙyanda ta kama ta a jikin da yunwa ta riga ta cinye, ba ta tashi ba. Dada ba ta taɓa cewa Sale ne ya kashe ta ba. Rai na Allah ne. Sai dai takan ce, "Da buhu biyu sun ƙaru a rumbun nan," mu kuwa sai mu daina ɓare gyaɗa.

Wata rana ƙanena Buba ya yi ƙarfin hali. A tatsuniyoyinta dai azzalumi ba ya kwana lafiya, ko ya faɗa rijiya ko ya sha kulki. Ya ce, "Dada, sai me ya sami Sale?"

"Babu," in ji ta. "Ya yi ƙiba. Ya sayi babur, ya gina soro, ya je Makka. Ku tashi, wannan ba shi da ƙurungus."

Ita ce ta kama hannuna ta kai ni makaranta, babanmu yana cewa wa zai taya tatsa. Ta gaya wa malamin cewa ba turanci ta kawo ni koyo ba, so take in iya karanta abin da ke jikin kuɗi. Na zarce har na zama malamar makaranta a Kazaure. Shekaru da yawa na ɗauka na gama da labarin nan. Tun da na iya karatu, babu mai cutata, shi ke nan.

Sai aka sake sauya takardun naira kwanan baya, kuɗi suka ɓace a gari, mutane suna kwana a bakin banki. Ɗana Nasiru yana da shagon cirar kuɗi a bakin tasha. Wata rana na kai masa abinci, na tarar da wata tsohuwa daga ƙauyukan Gwiwa tana kwance bakin zanenta. Tsofaffin takardu ne, na kuɗin akuya. Na ji shi da kunnena yana ce mata dubu goma tsohuwa bakwai ce a sabuwa, haka gwamnati ta yanke. Tana yi masa godiya.

Na ajiye kwanon. Na ce, "Nasiru, wace gwamnati?"

"Umma, kowa haka yake yi. Ni ma saya nake yi."

"Ka gaya mata ladanka nawa ne, ta yarda ko ta ƙi. Amma kada ka ce mata kuɗinta ne suka rame."

Ya ce ina tozarta shi a gaban mutane. Na ce ƙwarai. Wani mai shayi ya sa baki wai in yi haƙuri, yaro ne. Kallon da na yi masa ya sa ya koma kan tukunyarsa. Na tsaya har Nasiru ya cika wa matar kuɗinta, sannan na tambaye shi mutum nawa ya yi wa haka. Ya tuna biyar. Washegari na hau bayan babur ɗinsa muka bi ƙauyukan Gwiwa gida gida. Mun sami uku. Ɗaya dattijo ya ƙi karɓa da farko, ya ɗauka wata sabuwar zamba ce. Biyun har yau ba mu san inda suke ba.

Muka kamo hanyar gida. Ina kallon ƙeyarsa ina jin haushinsa, ina jin haushin waɗanda ke zaune a ofis su kashe kuɗin jama'a da sanarwar rediyo, su bar mutanen ƙauye a hannun duk wanda ya iya karatu. Amma haushin da ya fi cina na kaina ne. Na koya wa ɗaruruwan 'ya'yan mutane lissafi, na koya wa nawa har ya fi ni, ban taɓa zaunar da shi na ba shi labarin Hauwa ba. Kunya nake ji wai kada a ce a danginmu an yi macuci. Ashe ni ma rufa wa Sale asiri na yi.

Da muka iso ƙofar gida ya sauke ni zai wuce. Na ce ya shigo ya zauna, kuma ya kashe wayarsa.