Rijiyar Da Na Haƙa Wa Matata

Mantuwa ta fara kama ni yanzu, sai in yi ta neman hulata alhali tana bisa kaina. Amma akwai abu guda da ko ƙwaƙwalwata za ta zube gaba ɗaya, shi ba zai bi ta ba: ranar da matata ta ce in ba ta mabuɗin rijiya, in koma baya in tsaya.

Ni manomin albasa ne a Danchadi. Karatuna a aji shida na firamare ya tsaya, don haka mai neman Hausa mai kwalliya ya nemi wani wuri. Ba ni da fara'a, mutane sun sani, ni ma na sani. Matata ta farko ta bar ni shekarar da albasa ta ruɓe mini a rudu, rumbun da muke ajiye ta, tun daga nan na yanke cewa ba mai zama da kai sai don abin hannunka. Shekara shida ina gwauro kafin na auri wannan da nake ba ku labarinta, bazawara ce daga Shagari, marainiya, gwaggonta ce ta riƙe ta. Lokacin neman auren an ce mini ta taɓa haihuwa a gidan mijinta na farko, yaron ya koma. Na ce Allah ya sa mai ceto ne. Ban ƙara tambayar komai ba. Ita ma ba ta taɓa tayar da zancen ba, kun dai san yadda matanmu suke da ɗan fari, ko yana raye ba su kama sunansa, balle ya rasu.

Muka zauna lafiya, har Allah ya ba mu ɗiya mace. Abu ɗaya ke cin raina a gidan, ruwa. 'Yan ga-ruwa ke kawo mana daga tuƙa-tuƙan bakin masallaci, wata rana su zo, wata rana rana ta take ba a ɗora tukunya ba. Ga maƙwabta da rijiya, katanga ɗaya tsakaninmu, amma matata ba ta taɓa leƙawa ta ɗebo ko guga ɗaya ba. Na ɗauka girman kai ne irin na wadda ba ta son roƙo. Ranar nan na ce mata, "In Allah ya yarda bana zan haƙa miki rijiya nan tsakar gida, ki huta."

Tana tankaɗe, ba ta ɗago ba. Ta ce, "Malam, a bari dai."

To ni a wurinmu, mace in ka ce za ka ɗinka mata zane ta ce a bari, in ka ce ga nama ta ce ta ƙoshi. Alkunya ce, kowa ya sani, kai namiji sai ka yi abinka. Har daɗi na ji, na ce ga mace mai tausayin mijinta.

Da ta tafi ganin gida Shagari na sati biyu, washegari na kawo masu haƙa. Mu da ke kusa da fadama ruwa ba ya mana nisa, gaba biyar suka same shi, fari tas, mai sanyi. Aka zuba kwalbati. Ba a kai ga gina bakin ba, yana nan daidai da ƙasa, sai na ɗora langalanga a kai na danne da dutse, ina jiran ta dawo ta ga irin mijin da ta aura.

Ta dawo da hantsi, ɗiyarmu a baya, lokacin ta fara rarrafe. Ko ruwa ban bari ta sha ba na ce ta zo ta gani. Na ture dutsen, na janye langalangar, ina washe baki. Na ce, "Leƙa ki ga fuskarki."

Ba ta leƙa ba. Jakar hannunta ta faɗi. Na ga idonta ya kafe a bakin ramin. Sai ta kai hannu baya ta damƙe ƙafar yarinyar da ƙarfi har yarinyar ta tsala ihu. Ta fara ja da baya, da baya, ba ta juya ba har ta bugi bangon zaure. Kafin in ce mene ne, ta fice. Ɗan kabu-kabun da ya kawo ta bai gama juya mashin ba ta sake hawa. Jakar nan ma a nan ta bar ta.

Ranar na yi zagi wanda ban taɓa yi ba. Na ce ga shi nan, an sake. Ka yi wa mace alheri ta watsa maka ƙasa a ido. Taubashina, tela ne a kasuwar Bodinga, bakinsa ba linzami, da ya ji sai ya kwashe da dariya ya ce, "Kai kam ko Zamzam ka haƙo a gidanka sai mace ta gudu. Tashi mu sai goro mu tai biko tun ba ta saba da tuwon gwaggo ba."

Bayan kwana uku muka tafi Shagari da goronmu. Gwaggo ta fito zaure da kanta, tsohuwa ce 'yar ƙarama, ta dubi ƙullin goron ta dube ni.

"Mi ka kawo, ɗan nan?"

"Goron biko ne, Gwaggo."

"Maida abinka aljihu. Ɗiyata ba yaji ta yi ba." Ta juya ga taubashina ta ce, "Kai kuma mai dariya, jira shi waje."

Da ya fita ta zauna, ta ce, "An hwaɗa maka ɗanta ya koma. Ka tambayi yadda ya koma?"

Na ce a'a.

Ta ce yaron shekararsa biyu, ya fara gudu. Gidan mijin akwai rijiya a tsakar gida, ba baki ba murfi. Uwar ta shiga ɗaki ɗauko gishiri, gishiri kawai, ta fito ba ta gan shi ba. Aka bi gari ana cigiya har la'asar, ita ce da kanta ta leƙa ta ga rigarsa. Dangin miji suka ce sakacinta ne, auren bai ƙara wata biyu ba. Gwaggo ta goge bakinta da gefen mayafi, ta ce, "Abin da ya fi wannan, mu munka yi mata shi. Da ta buɗe baki za ta yi kuka, ni na toshe mata shi da hannuna. Na ce ɗan fari ne, ke ba ki jin kunya? Mutane na kallo. Ta haɗiye. Shekara tara ke nan ba ta fito da shi ba, kuma ba ta ƙara zuwa kusa da bakin rijiya ba. Sai kai ka buɗe mata guda a gaban ɗakinta ka ce ta leƙa."

Ni da ba a ƙure ni da magana, ranar an ƙure ni. Da ƙyar na ce, "To yau ɗin nan zan sa a cike ta."

"Ka cike ta gidanka. Wadda ke cikin kanta fa, wa zai cike?"

"To in gan ta in ba ta haƙuri."

"Ba ta iya ganinka yanzu. In ta dube ka ramin take gani. Ka tai gida. Kada ka aiko dattawa, kada ka kira ta a waya, kada ka tambayi yaushe."

Na ce, "Gwaggo, har yaushe ke nan?"

Ta ce, "Ka ji ka ko? Yanzu na hana ka. Ban sani ba. Kuma ba na yi maka alkawarin za ta komo."

Wannan kalma ta ƙarshe ita na hau mashin da ita har Danchadi.

Na yi noma iri-iri a rayuwata, na yi ban ruwa da zazzaɓi a jikina, amma ban taɓa aikin da ya kai zama ba ka yin komai wuya ba. Lokacin ana dashen albasa ne. In wuni a fadama, in dawo gida ba hayaƙi ba motsin kowa, sai rami a tsakar gida kamar yana kallona. Ban cike ta ba. Na sa aka gina bakinta har ƙirjina, mai walda a Bodinga ya yi mini murfin ƙarfe, na sa kwaɗo. Duk ranar kasuwa in ba direba gero da ɗan abin miya ya sauke ƙofar gwaggo, ba saƙo ba gaisuwa.

Majalisa kuwa ta samu abin yi. Wani ya ce mace ba a sake mata haka, in je da liman a yi ta ta ƙare. Wani ya ce aljanu ne, a nemo mai ruƙiyya. Taubashina ya ce, "Tunda kai da rijiya kuka rage, a ɗaura muku aure mana, ni zan ɗinka wa amarya murfi." Ban gaya wa kowa abin da gwaggo ta faɗa mini ba. Ba nawa ba ne balle in raba.

Sau ɗaya na karya doka. Wajen kwana arba'in, ina zaune bakin kwamin albasa a fadama da rana tsaka, zuciya ta ce wai kai ba mijinta ba ne? Na danna lambarta. Ta ɗauka. Duk abin da na shirya ya gudu. Ina jin numfashinta, ina jin ɗiyata can gefe tana gwalantu. Na ce, "Yaushe za ki dawo?" Sai ta kashe. Ba a yi awa ba gwaggo ta kira ni da wayar maƙwabta ta wanke ni tas. Ta ce, "Kai wane irin kunne gare ka? Ka maida muna aiki baya." A lokacin ban gane wane aiki take nufi ba. Na dai ajiye wayar, ban ƙara ba. Na fara shirya wa raina cewa wata rana za a aiko a ce in rubuta takardar saki.

Albasa ta yi kai, ganye ya kwanta, muka cire. Wata safiya ina tsakar gida ina ware masu tabo kafin a zuba a rudu, sai na ji sallama. Muryar gwaggo ce. Na ɗago, ga ta, ga matata a bayanta ta rame har wuyanta ya yi tsawo. Ɗiyar da ta tafi tana rarrafe, ga ta an sauke ta tana tsaye riƙe da zanen gwaggo, tana kallona kamar baƙo.

Na miƙe zan yi magana, matata ta riga ni. Ta ce, "Malam, ina kwana. Ba ni mabuɗin."

Na ciro shi daga aljihu na miƙa mata. Ta ce, "Koma can bakin zaure. Ko ka ga na faɗi kada ka taɓa ni."

Na koma na tsaya. Daga inda take zuwa rijiyar bai fi taku goma sha biyu ba, ni da kaina na sha aunawa. Ta yi uku ta tsaya.  Ta yi biyu ta durƙusa, ta dafa ƙasa, gumi na ɗiga daga haɓarta. Wallahi ƙafata ta ɗaga da kanta za ni wurinta, gwaggo ta harare ni, na mayar. Ta tashi. Haka ta yi ta yi, ni dai na san inuwar katanga ta matsa kafin ta kai. Sau uku mabuɗin na kuɓuce mata kafin kwaɗon ya buɗe. Murfin nan ni kaina da hannu biyu nake ɗaga shi. Ta ɗaga shi ta jingine.

Sai ta leƙa.

Ta daɗe a haka. Can sai na ji ta kira suna. Sunan yaron, wanda ban taɓa ji ba sai ranar. Ta kira shi da ƙarfi cikin rijiyar, a gabana, a gaban gwaggonta, rijiyar ta amsa mata. Ta sake kira. A na uku muryar ta fashe, kukan ya fito. Ban taɓa jin ɗan Adam ya yi irin wannan kuka ba, tun daga cikin ciki yake tasowa kamar ana tuge itace da saiwarsa.  Matan maƙwabta suka leƙo ta katanga, gwaggo ta daka musu tsawa suka koma. Ita ma hawaye take, tana cewa, "Yi abinki, ɗiyata. Kira shi. Ni na hana ki, yau ni na ce ki yi."

Da kukan ya lafa, ta share fuska, ta ɗauki guga ta zura. Ta jawo shi a hankali, rabin ruwan ya zube. Ta wanke fuskarta, ta kurɓa, ta kira ɗiyarmu ta ba ta a tafin hannu. Sannan ta rufe murfin, ta datse kwaɗon, ta ƙulle mabuɗin a bakin zanenta. Ta dube ni, karo na farko ido cikin ido, ta ce, "Wannan a hannuna zai zauna." Na ce to. Ta dubi tsakar gidan ta ce, "Wata uku ba wanda ya share gidan nan?" Ta wuce ɗaki neman tsintsiya.

Sai da na raka gwaggo bakin hanya ta gaya mini aikin da na ɓata da wayata. Ashe akwai rijiya a bayan gidanta. Tun sati na biyu matata ta ce ita za ta koma ɗakinta, amma ba za ta koma tana gudun tsakar gidanta ba. Kullum bayan sallar asuba sai ta nufi rijiyar nan, ta tsaya inda ƙafarta ta ƙi gaba, ta ajiye ɗan dutse a wurin. Gobe ta ɗauke shi ta ƙara taku ɗaya. Ba wanda ya sa ta, ba wanda ya koya mata. Ranar da na kira na ce yaushe, saura taku huɗu. Washegari ta kasa fita ɗaki, sai da ta sake farawa daga ƙofa.

Na tsaya bakin titi, motar gwaggo ta tafi, na kasa komawa gida. Ni ina Danchadi ina cika ina batsewa wai an wulaƙanta ni, ashe mace na can tana tunkarar abin da ya fi mutuwa tsoro a wurinta, kullum taku ɗaya, don ta dawo gidan mutum irina.

Har yau ban zama mai fara'a ba, kuma har yau ban yarda da yawancin mutane ba. Amma na koyi abu guda. In wanda kake so ya ja da baya saboda ciwon da ya riga ka zuwa, ba kai ne maganin ba, kuma ba lallai gudunka yake yi ba. Ka tabbata yana da ci da sha, ka bar ƙofarka a buɗe, ka kama bakinka. Wataƙila yana kan hanyar zuwa wurinka, kai ne dai ba ka ganin takunsa.