Tsahara Mai Zogale da Kasken Idirisa

Duk mai sayen zogale a kasuwar Maraɗi ya san Tsahara ta Jiratawa, ko da bai riƙe sunanta ba. Ita ce doguwar matar nan mai tsagar Gobirawa a kumatu, wadda ba a miƙa mata abu ta karɓa sai ta juya shi ciki da bai, ta sansana. Haifaffiyar Tsibiri ce, aure ya kai ta Jiratawa gidan Malam Hamidu, manomin rani a kwarin gulbi. Shi ke shuka da ban ruwa, ita ke kai wa kasuwa. Uwarta Yalwa takan ce tun Tsahara na jaririya ko nono sai ta ɗanɗana ta yi shiru kafin ta yarda ta sha.

Shekaru da yawa a amalanken shanu take kai kayanta birni. Da kabu-kabu suka cika hanya, mata ƴan uwanta duk suka koma hawan moto, ita ta ƙi. Ta ce ba ta ɗora ranta a kan ƙarfe mai ƙafa biyu, a hannun yaron da ba ta san uwarsa ba. Sai da Idirisa, ɗan ƙanen mijinta, ya sayi nasa moto sannan ta sauko. Shi dai a gabanta ya girma har ya yi aure ya aje iyali, kuma ta daɗe tana lura da tuƙinsa daga bakin hanya kafin ta hau. Abin da ya kwantar mata da hankali kansa ne: ba ya tsayawa wuri guda. Ya duba dama, ya duba hagu, ya ɗaga wa mai garka hannu, ya hango akuya tun ba ta yi niyyar tsallakawa ba. Daga baya take zaune, buhunan ganye ɗaure a bayanta, ƙeyarsa kawai take gani, amma ƙeyar nan ta ishe ta labari.

Wata safiya bayan kaka sai Idirisa ya zo ɗaukarta da sabon kaske, hular kwanon nan ta masu moto, baƙi wul yana sheƙi, da gilashi mai rufe fuska duka. Ta tambaye shi inda ya samo. Ya ce surukinsa Nabil, mai shagon salula a Sabon Gari, shi ya ba shi ya riƙa sawa don mutane su gani su yi sha'awa. Tsahara ta taɓe baki. A saninta ɗan kasuwa ba ya kyauta sai da dalili, amma ta hau.

Ba a jima ba ta ga abubuwa sun sauya. Kan nan mai waige-waige ya tsaya cak. Sukan wuce mutanen gari ana ɗaga masa hannu, ko gezau. Wani lokaci sai ta ga ya ɗan karkata kai sama kamar mai kallon ƙuda a goshinsa, moto ya rage gudu ba dalili, sannan ya fizga. Abin da ya fi tayar mata da hankali, sai ta ji shi yana magana ƙasa-ƙasa, har da dariya, alhali hannuwansa biyu na kan moto, babu salula a kunnensa.

Zarginta na farko tiramol ne, ƙwayar nan da ta lalata ƴaƴan mutane da yawa. Da suka sauka kasuwa ta sa shi ya tuɓe kasken da sunan za ta cire masa wani abu a ido. Ta leƙa idon, fari tas. Ta matso ta sansana bakinsa, warin goro kawai. Ta bi ta gidansa ta zauna da matarsa, tana jan hira a kaikaice ko yana barci, ko yana cin abinci. Matar ta ce lafiyarsa lau, ƙiba ma yake yi.

To, in ba ƙwaya ba, sai iska. Ranar kasuwar Tsibiri ta je wurin gwaggonta Baraka, tsohuwa da har yanzu ba ta saki al'adun gidansu na da ba. Baraka ta saurare ta tana ɓarar gyaɗa, ta ce, "Shina maganar ga in ya sauka ƙasa?"

"A'a, sai bisa moto."

"Ni dai tun da nike, ban taɓa jin iskar da ke jiran a tada inji ba. Koma ki duba da kyau, ɗiyata."

Dama ta samu wata rana da azahar. Idirisa ya sauke mata kaya, ya aje kasken bisa buhu da salularsa a ciki, ya tafi alwala. Tsahara ta duba hagu da dama, ta fitar da salular, ta yi bisimilla ta kifa kasken a kanta bisa ɗankwali. Sai ga wasu rubuce-rubuce kore shar suna shawagi a iska, tsakaninta da rumfar mai albasa. Ta kai hannu ta kama, ba komai. Ta juya kai, suka bi ta. Tana cikin haka wani sabon rubutu ya faɗo yana ƙyaftawa, wata ƙara ta tashi cikin kunnenta. Ta fizge kasken da salati, ɗankwali ya bi shi.

Idirisa ya iske ta tana haki. Ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya yi mata bayani. Kasken haɗe yake da salula. Yana nuna masa gudun moto, da sunan mai kira, da saƙon da aka aiko, duk a jikin gilashi. Ya ce tun da ya same shi masu neman a ɗauke su sun ƙaru, don ba ya rasa kira.

"Inna, wanga ya hi riƙe salula a hannu. Idona na bisa hanya."

"Idonka na bisa hanya, kai kana ina?" in ji ta. "Ni da na sa shi, mai albasa na gabana, ban gane shi ba."

Suka yi ta ja. Daga ƙarshe ya yi mata alkawari duk lokacin da ya ɗauko ta zai kashe rubutun, kasken ya zama hula kawai. Ta ce to.

Amma zuciyarta ba ta kwanta ba. Ya daina magana shi kaɗai, gaskiya ne, sai dai kan nan bai koma waigensa na da ba, kuma jefi-jefi tana ganin ɗan karkatawar nan. In ta tambaya ya ce a kashe yake. Ita kuwa ba ta da hanyar leƙa cikin gilashin daga baya. Abin ya yi ta cin ta, har ta tuna ƴar salularta mai maɓallai, wadda ɗiyarta Fadila ta gyara mata yadda in ta danne maɓalli guda sai ta kira Idirisa.

Da safe sun baro Jiratawa, sun hau kwalta, hanya ta yi sarari. Tsahara ta zura hannu cikin mayafi ta danne maɓallin, ta kafa wa ƙeyarsa ido. Kan ya karkata sama. Ya daɗe a karkace, fiye da kullum, don sunan da ya gani ya ɗaure masa kai. Daidai nan wani jaki da kayan kara ya fito daga bayan geza ya hau hanya. Ita ta fara ganinsa, ta ƙwala ihu. Idirisa ya murɗe kan moto, taya ta faɗa rairayin gefe, suka kife.

Ganye ya watsu ko'ina. Tsahara ta faɗi bisa buhu, amma wuyan hannunta na hagu ya ba da wata ƙara. Idirisa kuwa kansa ya daki gefen kwalta, kasken ya tsage daga goshi har kunne. Ya tashi zaune yana layi, ya cire shi, kansa ko ƙwarzane babu. Kafin mutanen gona su iso, suka dubi juna.

"Inna, sunanki na gani."

"Ni ce. Kai kuma ka ce mini ka kashe."

Da aka kai su wurin likita, aka tambayi yadda aka yi, dukansu suka ce jaki ne. Malam Hamidu ya yi ta godiya ga Allah da ya sa yaron na sanye da kaske. Nabil ya zo dubiya, ya ɗauki fasasshen ya kai shagonsa ya rataye, yana nuna wa masu saye irin ƙarfinsa. Tsahara da ta ji haka ta ce dama ta san ba zai yi asara ba.

Hannun ya ɗauki lokaci kafin ya ɗoru, kuma har yau ba ta iya ɗaga buhu da shi, sai Fadila ta taya ta. Mutane sun zaci ta bar moto ke nan. Ranar da ta warke sai ta aika a kira Idirisa. Ya zo da kaske irin na kowa, ja, mara rubutu. Ta karɓa ta sa a kanta, ta juya gabas da yamma, ta miƙa masa. Sannan ta shimfiɗa tafin hannu.

"Kawo salular."

Ya ba ta ba musu. Ta ƙulle ta a bakin zane tare da tata, ta hau. Haka suke yi har yanzu, ba ta mayar masa sai sun sauke kaya a kasuwa. A hanya salular kan yi ta kuka a ƙugunta, ta ƙyale ta. Kwanan baya dai ta gaya wa Fadila ta ga aljihun rigarsa na gaba ya ɗan yi tudu, tana jin ya sayi ta biyu. Ba ta tambaye shi ba tukuna, tana dai kallo.