Saƙon da Baffa bai karɓa ba

Ɗana na fari aikin ordinatar, wato kwamfuta, yake yi a Yamai. Na daɗe ban gane mi yake yi ba, sai lokacin da matarsa ta haihu a nan gidana, a Filinge.

Tun rasuwar mahaifinsa, yayan mahaifin, wanda muke kira Baffa, shi ke raɗa wa 'ya'yan gidanmu suna. Yana zaune a Tabla, kuma jikokinsa sun saya masa waya. Ɗana ya naɗi murya ya aika: "Baffa, an samu namiji, a zo suna." Waya ta nuna an saurara, amma amsa ba ta zo ba. Rago na ɗaure, an surfa hatsi, jinjiri kuwa ba mai ba shi suna.

Ɗana ya fara faɗa. "Inna, ya ji fa! Mi kuma yake so?"

Na ce, "Kunnensa ya ji. Amma kai, ka gaishe shi? Ina goron?"

Sai ya fashe da dariya har matarsa ta leƙo daga ɗaki. Ya ce ai wannan shi ne aikinsa kullum. A manyan ma'aikatu akwai tsofaffin na'urori da ba sa karɓar saƙo sai an naɗe shi yadda suka saba: daga wa, zuwa ga wa, kowane abu a gurbinsa. Sababbin kuwa gajeriyar magana suke so. Na ce to a fidda tsofaffin mana. Ya ce ba a iyawa, don komai na ma'aikatar a hannunsu yake, kuma ba su taɓa ɓatar da saƙo ba. Shi aikinsa ya tsaya tsakani.

"To tashi ka tsaya," na ce.

Ya sayi goro, ya hau mota. Ya ce da ya isa ya tuɓe takalmi, ya durƙusa, ya tambayi gida, da gona, da ciwon gwiwa, sannan ya faɗi haihuwa kamar ba a taɓa faɗa ba. Baffa ya ce, "Masha Allahu! Yaushe?"

Ranar suna da sassafe sai ga Baffa da sandarsa. Ya raɗa wa yaron sunan mijina. Ni ban iya faɗinsa, sai dai in ce Maigida.